Ranar da Na Jawo Kare Cikin Gidana

Ni tsoron kare nake yi, kuma ban taɓa jin kunyar faɗa ba. Ina yarinya a Funtuwa mahaukacin kare ya shigo layinmu, ya cafke ni a sharaɓa, ya wuce ya ciji ƙawata da muke zuwa ɗiban ruwa tare. Ni aka kai asibiti aka yi ta zuba mini allura a ciki, ita kuwa aka tsaya jiƙe-jiƙe a gida. Da idona na ga yadda ta koma kafin ta rasu, ko kwanon ruwa aka nufo ta da shi sai ta ƙwalla ƙara. Tabon yana nan a ƙafata har yau, haƙori huɗu reras.

Sai ga ni a Amurka, ƙasar da ake sumbatar kare a baki. Lokacin da muke zaune a gidan bene a Silver Spring, in na ga mai kare ya shiga lif, gara in bi matattakala ina haki da kayan cefane. Maigidana Alhaji ya yi ta yi mini dariya har ya gaji. Da yara suka girma suka tafi jami'a muka koma garin Clinton, gida mai fili a baya, na ce to ni kaji zan ajiye, in riƙa jin kukansu da safe kamar mutum. Na ajiye kuwa, da wata mage mai baƙin hali da ta zo da kanta ta zauna.

Maƙwabciyarmu tsohuwa ce baƙar fata, 'yar ƙasar, mijinta ya rasu, ɗanta guda yana can wata jiha mai nisa. Mama nake ce mata, ita ma ta saba da sunan. A gona ta tashi, don haka ita ta koya mini riƙon kaji a sanyin ƙasar nan, wanda ba shi da haɗi da namu: a shafa musu man shafawa a zanko kada ƙanƙara ta ci shi ya yi baƙi, a canja ruwa da na ɗumi in ya daskare, kada a toshe akurki ruf don danshi ya fi iska illa. Mutuniyar kirki. Aibinta ɗaya a wurina, kare. Ƙato ne baƙi mai gajeren gashi, bakinsa duk furfura, in ya yi haushi har cikin hanjina nake ji. Da shi take hira, da shi take kallon talabijin, shi ne dai danginta na kusa. Tun ranar farko ta lura da yadda jikina ke rawa, daga nan duk sanda zan shiga gidanta sai ta kulle shi a ɗaki, ba ta taɓa tambayata dalili ba.

A hunturun da nake ba da labari Alhaji ya tafi Kano bikin ƙaninsa, ni kaɗai ce a gida. Aka kwana ana wani irin ruwa da ke daskarewa da zarar ya taɓa abu. Gari ya waye komai ya zama gilashi: mota, shinge, rassan bishiya, wayar wuta. Rediyo kuma na ta cewa da yamma sanyin zai ninka, kowa ya shigar da dabbarsa ɗaki. Na sa safa uku, na lallaɓa da jan gindi zuwa akurki, na kwaso kajin biyu-biyu a hammata na kai gareji, suna ta yi mini kwakwazo kamar yanka su zan yi.

Ina cikin haka na ji ƙarar faɗuwa, sannan wani irin nishi. Mama ce a bakin ƙofar shingena, kwance, butar ruwan zafi ta yi gefe tana tururi a kan ƙanƙara. Kajina ta kawo wa ruwa, ta san Alhaji ba ya nan. Ƙafarta ɗaya ta juya yadda ƙafa ba ta juyawa. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Na kira motar asibiti, na lulluɓe ta da bargo, na riƙe kanta a cinyata har suka iso da kyar, motar na zamewa.

Suna ɗaga ta ta damƙe hannuna. Ta ce, "'Yar nan, karena yana filin baya. Na sake shi ya zaga, ƙofa ta rufe kanta, makullin yana ciki a kan tebur. Kada ki bar shi a waje."

Na buɗe baki in ce Mama kin san ni fa, amma na ga leɓenta ya yi fari, idonta a kaina. Sai na ji kaina yana gyaɗawa. Aka rufe mota, suka tafi. Shi ke nan, na karɓi amana.

Na koma ciki na zauna. Na kira ofishin masu kula da dabbobi, waya ta yi ta ringi, da aka ɗauka aka ce tituna ba su biyuwa, in samu maƙwabci ya taimaka. Wane maƙwabci? Gidan da ke gabanmu sun yi tafiya, na can ƙasa ba na ko iya kaiwa ƙofarsu a kan wannan santsi. Na kira Alhaji, ina jin kiɗan biki a bayansa.

Na ce, "Alhaji, na shiga uku. Kare aka bar mini."

Ya fara dariya, da ya ji muryata sai ya daina. Ya ce, "Ki jefa masa bargo da abinci ta saman shinge, ki gani. In ya ƙi, to sai haƙuri, ki shigar da shi. Rai ne."

Na ce, "Ka ji ka! Rai ne. Nawa ran fa?"

Na kashe wayar ina ƙunƙuni. Amma na yi yadda ya ce. Na jefa tsohon bargo, na jefa ragowar nama. Karen ya taso yana haushi, na ja da baya har na buge da bango. Na ga ƙafafunsa na baya suna zamewa, ya faɗi, ya tashi, ya sake faɗuwa. Bargon ya jiƙe, kafin a jima ya sandare kamar ƙirgi.

Na yi Azahar ban san abin da na karanta ba. A gidanmu an tashe mu a kan cewa kare ba ya shiga ɗaki, mala'iku ba sa shiga inda yake, in ya lashi kwano sai an wanke sau bakwai har da ƙasa. Amma bakin da ya koya mana wannan, na mahaifiyata, shi ya koya mana cewa dabbar da ka bari ta mutu a hannunka sai an tambaye ka ranar gobe. Ni kuwa gaskiya ba mala'iku ne suka fi damuna a lokacin ba, haƙoransa nake tunani.

Haushin ya ci gaba, yana raguwa, yana komawa kamar tari. Ina ta Allah-Allah ya yi shiru in samu natsuwa. Da ya yi shirun kuwa, wallahi ban taɓa jin tsoro irin wannan ba. Na leƙa ta taga, ba na ganinsa. Rana ta yi ƙasa, iska ta taso tana kaɗa rassa suna ƙara kamar ana farfasa kwalabe. Na ce yanzu in tsohuwar nan ta farfaɗo ta tambaye ni, da wane baki zan gaya mata? Ƙafarta ta karye wurin kawo wa kajina ruwa.

Na sa rigar sanyin Alhaji a kan tawa don ko ya kai cizo ya samu auduga. Na ɗauki muciya a hannun dama, kilishin da nake ɓoyo a hagu, na janyo wata tsohuwar ledar tsakar ɗaki da nake shimfiɗa wa kaji. Kowane taku ina ambaton Allah. Da na kama ƙofar shingenta hannuna ya ƙi murɗawa, sai da na zagi kaina a fili, na ce ke dai an yi matsoraciyar banza, sannan ta buɗu.

Yana ƙarƙashin matattakalar ƙofar baya, ya dunƙule, ƙanƙara ta kama gashin bakinsa. Ya ɗago ido ya dube ni, ya yi gurnani ƙasa-ƙasa. Na jefa kilishi gabansa, ko shinshinawa bai yi ba. Na yi masa magana da Turanci yadda Mama ke yi, bai motsa ba. Sai na koma Hausa, na ce, "Don Allah don Annabi ka tashi. Ni ma ba son ka nake yi ba. Ka rufa mini asiri ka tashi."

Ya yunƙura, ƙafafun gaba suka miƙe, na baya suka ƙi. Ya koma ya zube. Nan na gane ba tafiya zai yi ba, sai an ɗauke shi, kuma ba kowa a duniyar nan sai ni.

Na shimfiɗa ledar kusa da shi. Na gwada tura shi da muciya, kamar mai tura buhun masara da tsinke. Na ajiye ta. Na durƙusa, na runtse ido, na kai hannu kan abin wuyansa. Ina ja ke nan gwiwata ta zame, na kife, fuskata dab da tasa. Na ji numfashinsa a kumatuna, na ga haƙoran, rawaya, ɗaya a karye. Na ce shi ke nan, yau zan bi ƙawata. Na kasa ko ihu. Ƙawar tawa ce kawai a idona, tana ture kwanon ruwa.

Bai cije ni ba. Rawar sanyi yake yi, irin wadda nake yi, har haƙoransa na haɗuwa. Ya miƙo harshe ya lashi wuyan hannuna inda safar hannu ta zame, harshen ma sanyi ƙalau. Na fashe da kuka, ina kukan ina mirgina shi kan ledar.

Da baya-da-baya na jawo shi, ina faɗuwa ina tashi. Abin da ya hana ni tafiya tun safe, santsin nan, shi ya taimake ni, don da a kan ƙasa ne ba zan iya motsa shi ba. Na nufi gareji da shi, nan na yi niyyar ajiye shi, tunda gareji ai ba ɗaki ba ne. Na buɗe, kaji suka ga kare suka tashi sama, fuka-fukai ko'ina. Na dubi ruwan da na zuba musu ɗazu, har ya fara yin ɓawo. Su suna da gashi, sun cure wuri ɗaya suna ɗumama juna. Shi kuwa ko kansa ya daina ɗagawa. Na tsaya ina kallon ƙofar ɗakin girki. Na ce Allah kana gani, na buɗe ta na ja shi ciki.

Mage ta yi tsalle ta haye firiji tana huci, na ce mata ke ma ki yi mini shiru, ba ki fi ni ƙin abin ba. Na kwantar da shi gindin hitar ɗumama ɗaki, na tsane shi da tawul daga nesa iya tsawon hannuna, na lulluɓe shi da bargon baƙi, na ajiye masa ruwan ɗumi a tsohon kwano. Bai sha ba. Na je wanke hannu yadda mahaifiyata ta koya mini, sai na tuna ina zan samu ƙasa, duk filin ya zama dutse. Na ɗebo daga tukunyar shukar furen da ke kan taga, wadda Mama ta ba ni, na cuɗa hannuna da ita.

Na zauna a kan kujera can nesa, ƙafafuna a naɗe sama, ina kallon bargon ko yana ɗagawa. Wani lokaci sai in ga kamar ya tsaya, in miƙe zumbur, sai kuma ya motsa. Ɗazu tsoron ya tashi nake yi, yanzu tsoron kada ya ƙi tashi.

Ana dab da Magariba waya ta yi ƙara. Wata nas ce daga asibiti. Ta ce ƙugun tsohuwar ne ya karye, za a shiga da ita tiyata, amma ta ƙi yarda a taɓa ta sai ta yi magana da ni. Aka ba ta.

Muryarta ta dusashe. Ta ce, "Yana da rai?"

Na ce, "Yana numfashi, Mama. Amma bai tashi ba, bai sha ruwa ba."

Ta ce, "Sa masa wayar a kunne."

Tabɗi. Na dubi wayar, na dubi bakin nan. Na sauko daga kujera, na rarrafa, na kai hannuna, wanda na gama wankewa da ƙasa, har gefen kansa. Ta kira sunansa, ta yi masa irin maganar da take yi masa kullum da yamma, wadda nake jiyowa ta shinge. Kunnensa ya motsa. Sai na ji wani abu yana bugun daɓe a ƙarƙashin bargo, tim, tim, tim. Jelarsa ce. Ya ɗago kai yana neman ta, ya yi wani ɗan kuka, sannan ya juya ya sa baki a kwanon ya fara sha.

Na mayar da wayar kunnena, na ce, "Kin ji shi? Yana sha."

Ta ce, "Na ji. A ina kika sa shi? Gareji akwai sanyi fa."

Na ce, "Ba a gareji yake ba. Yana ɗakin girki."

Wannan fa ita ce matar da ta yi shekaru tana kulle shi a ɗaki saboda ni, ba ta taɓa cewa uffan ba. Can ta ce, "Cikin gidanki?"

Na ce, "Cikin gidana, Mama. Ki bari su yi miki aikin."

Na ji ta tana ce wa nas ɗin to, su zo. Ni kuwa ina durƙushe a wurin, kare yana shan ruwa a gefen hannuna.