Inna Laraba, Wadda Ta Raba Mu da Ɗura

Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Ranar Talata 14 ga Janairu, 2025, bayan sallar la'asar, Allah ya karɓi ran Hajiya Laraba Halliru a gidanta da ke Goronyo, tana da shekara saba'in da ɗaya. Tsohuwar ma'aikaciyar lafiya ce, amma mu matan Taloka Inna Laraba muka sani. Ni Mansura ban iya rubutu mai tsawo ba, sai dai yin shiru a kanki butulci ne, Inna.

Kin zo garinmu lokacin da kowace uwa ke yi wa ɗanta ɗura. A kwantar da yaro a cinya, a toshe masa hanci, a tara kunu a tafin hannu a bakinsa, ko yana so ko ba ya so ya haɗiye. Haka aka yi mana, haka muke yi, kuma ƙauna ce ke sa mu. Kin yi faɗa har muryarki ta dishe, muka ce boko ne ke ɗibar ki.

Da kika ga baki bai yi ba, sai ranar kasuwa kika je wurin Mode mahauci, kika sa ya ciro miki maƙogwaron rago haɗe da huhu da tumbi da hanji, bai yanke komai ba. Kika shigo da shi a faranti asibitin garinmu, ranar ta dace da awon yara. Mun yi dariya, muna cewa yau Inna za ta yi mana farfesu. Ke ba ki yi ba. Kika nuna mana hanya biyu a wuya: ta gaba mai guringuntsi, ta iska, ta baya mai taushi, ta abinci. Kika bi ta bayan da yatsa har tumbi, har hanji. Sannan kika sa ɗan bututu a ta gaba kika hura, huhun ya kumbura a gabanmu. Kika ɗaga wani ɗan murfin nama da ke rufe hanyar iskar duk lokacin da aka haɗiya, kika ce yaron da ke kuka yana neman numfashi murfinsa a buɗe yake, kunu huhu zai wuce.

Dariyata a nan ta tsaya. Ɗiyata Zinariya na goye a bayana, wata tara, tana tarin da ya ƙi ji. Shekara biyu kafin nan na binne ɗana Lukman da irin wannan tari, shi ma safe da yamma nake yi masa ɗura.

Na jira kowa ya watse. Na ce, "Inna, ashe ni nik kashe Lukman?"

Kin daɗe kina wanke hannu kafin ki juyo. Kika ce, "Ɗiyata, mi kinka sani a lokacin? Kwana nai na ya ƙare. Abin da kinka yi, don shi rayu kinka yi shi. Amma yau kin sani. Sauko da wagga mu gani."

Ba ki yi min ƙarya ba, ba ki kuma bar ni da wuƙa a zuciya ba. Ranar kika rubuta mana takarda zuwa babban asibiti, aka ce limoniya ce, ciwon huhu. Da muka dawo, sati uku kina zuwa gidanmu da ƙaramin cokali, kina zaunar da yarinyar a cinyarki, kina jira ta haɗiye kafin ki ƙara. Surukata ta ce wannan ciyarwar sai marar aikin yi. Kika miƙa mata cokalin, kika ce ai tsofaffi sun fi kowa lokaci. Ta karɓa tana ƙunƙuni, daga baya ita ce ke hana maƙwabta ɗura.

Zinariya yanzu shekararta goma sha tara. Ita ta karanto min labarin rasuwarki a waya, ba ta gane dalilin kukana ba. Ban taɓa gaya mata ba sai ranar.

Ina miƙa ta'aziyyata ga 'ya'yanki, Habibullahi da Mashkura, da jikoki, da dukan dangi na Goronyo, Wurno da Rabah. Allah ya ba ku haƙuri. Ku sani uwarku ta bar 'ya'ya da yawa da ba ita ta haifa ba.

Allah ya jiƙan ki, Inna, ya yalwata kabarinki, ya sa Aljanna ce makoma. Na zo gabanki ina tuhumar kaina da ran ɗana, kika yi min sassauci. Allah ya yi miki irinsa ranar da za ki tsaya a gabansa.