Ƙafar da Ba a Gama Dubawa Ba

Yayata ba ta da haƙoran gaba, kuma ba tsufa ne ya cire su ba. Wani ƙaton direba ne ya haure ta da dunduniya a baki ranar da take mayar masa da kwatangwalon da ya goce. Ta tofar da haƙoran da jini a tasa, ta sake damƙar cinyar, ba ta saki ba sai da ƙashin ya koma gurbinsa. Da ya warke ya dawo ba da haƙuri, ta ce ya fara takawa daga ƙofa zuwa taga tukuna ta ga tafiyarsa.

Tun tana budurwa take aiki a ɗakin ƙashi na asibiti, inda ake kwaso waɗanda babur ya watsar, da waɗanda aka sassara a faɗan unguwa, da maginan da suka rikito daga bene. Ni tela ce, iyakar sanina a ƙafa shi ne tsawon wando, amma na sha kai mata abinci in tsaya kallo. Mutum zai shigo yana kururuwa yana nuna gwiwar dama, ita kuwa sai ta kama ta hagu.

"Sista, ba ita ba ce!"

"Na sani. Sai na ga yadda Allah ya yi ka kafin in gane abin da ya lalace."

Takan duba kumburi, ta ɗora bayan hannu ta ji zafi, ta danna ƙoƙon gwiwa, ta lanƙwasa ƙafar ta miƙe ta. Sannan ta zauna daram a kan ƙafar mutum don kada ta zame, ta rungumo ƙwaurin da hannu biyu ta jawo, ta ji ko jijiyoyin ciki suna riƙe. An zage ta a ɗakin nan, an cije ta, an keta mata riga, ba ta taɓa ɗaga wa mai ciwo hannu ba.

Allah ya ba ta 'ya'ya ya karɓi abinsa, har da ubansu, ya bar mata ta ƙarshe, Auta. Yarinyar ta girma ta kawo wani mai walda ta ce shi take so. Mutum ne mai sanyin gaisuwa, irin wanda in ya durƙusa sai ka ji kunyar kanka. Ni tun farko jinina bai haɗu da shi ba, amma wa ya tambaye ni? Aka ɗaura aure, ta tare.

Wata ranar hutun Yaya, da rana tsaka, ɗan tasi ya shigo mana da Auta a hannu. Ta ce santsi ne ya kwashe ta a banɗaki. Yaya ta shimfiɗe ta a gado, ta kama ƙafar da aka ce lafiyarta ƙalau, ta ɗage zane. Sai na ga hannunta ya tsaya. Ƙwaurin nan duk tabo ne, wani ya yi baƙi wani bai gama warkewa ba, ga wani ƙullutu inda ƙashi ya taɓa tsagewa ya haɗe a karkace. Ta juya idon sawun, ya ƙi kaiwa inda ya kamata.

"Wannan kuma wane banɗakin ne?"

Auta ta juya fuska bango. Yaya ta koma ɗaya ƙafar. Gwiwar ta kumbura suntum. Tana ɗan jan ƙwaurin ya taho mata gaba, ta tura gefe ya tafi gefe, kamar ƙofar da ƙusoshinta suka fita. Auta ta ƙwalla ƙarar da har yau nake ji a kunnena.

"Umma, ƙafata ya ɗora a kan dokin ƙofa ya taka. Wai don na je gidan ƙawata ban faɗa masa ba."

Yaya ta miƙe. Ta kira maƙwabciyarmu ta ce, "Zauna da ita. Kada wanda ya motsa ƙafar nan sai na dawo." Ko mayafi ba ta ɗauka ba. Na bi ta a guje takalmina a hannu.

Mun same shi a shagonsa yana haɗa ƙofar ƙarfe, tartsatsi na tashi. Ya ɗage baƙin gilashin ya fara, "A'a, Mama, sannu da z..." Mari ya katse sauran. Marar kunyar nan, wanda ke durƙusa mana, ya dunƙule hannu ya naushi surukarsa a gira. Jini ya rufe mata ido, ta faɗi a cikin guntayen ƙarfe. Daga ƙasan ta cafko ƙafarsa ta finciko, ya zube. Ta hau ƙafar ta zauna, irin zaman da take yi a asibiti, ta lalubo guntun bututu ta sauke masa a gefen gwiwa, daidai inda ta san jijiya take. Ta ƙara. Ma'aikatansa suka yo kanta, ni kuma na rarumi bokitin ruwan da suke tsoma ƙarfe na kwaɗa wa na gaba a kai, wani ya shaƙe ni na gantsara masa cizo. Wallahi na ji daɗin ihun mai waldar nan, kuma ba zan ɓoye ba.

'Yan sanda suka kwashe mu biyu, suka karɓe wayoyinmu, suka kulle mu. Yaya na zaune a ƙasa jini na bushewa a fuskarta, can kafin magariba sai ta zabura.

"Ban taɓa jinin ba."

"Wane jini, Yaya?"

"Bugun jini a saman ƙafa. Gwiwar da ta goce haka takan tsinke hanyar jini ta baya. Ban gama duba ta ba na fito."

Ta faɗa kan ƙofar ƙarfen nan tana duka har fatar yatsunta ta sale. Ta roƙi a ba ta waya, ko a aika gida a ce a kai yarinyar asibiti yanzu-yanzu. Ɗan sandan da ke bakin kanta ya leƙo ya ce, "Hajiya, ke da kika karya mutum yanzu kuma kin zama likita? Ki bari oga ya zo." Oga bai zo ba sai washegari da hantsi.

Da aka sake mu muka koma gida, muka tarar da maƙwabciya ta riƙe amana, ba ta bar kowa ya motsa ƙafar ba. Auta ta ce, "Umma, ai ta daina ciwo." Yaya ta durƙusa ta ɗora yatsu biyu a saman ƙafar, ta matsa bayan idon sawu, ta dawo. Ƙafar ta yi sanyi, ta yi launin toka. Ba ta yi kuka ba, goya Auta ta yi ta fita titi.

A asibitin da Yaya ta yi rayuwarta aka yanke wa Auta ƙafar hagun, sama da gwiwa. Mai walda yana nan yana ɗingishinsa kaɗan, har ya yi wani auren. Masu baki kuma suna cewa zuciyar uwa ce ta cinye ƙafar 'ya, kamar ita ce ta taka. Duk wadda ta faɗa a gabana tana jin amsa, amma Yaya ba ta taɓa musa musu ba.

Ta bar aikin da kanta. Yanzu ita ke yi wa Auta cefanen komai, har takalmi. Masu shago ba sa sayar da wari ɗaya, sai ta biya biyun ta kawo gida. Na ce ta bar ni in riƙa zubar da na hagun, ta hana. Suna nan jere a ƙarƙashin gadonta, sababbi, kuma in tana shara sai ta fito da su ta goge.