Sunan da Iya Ba Ta Faɗa

Ranar kasuwar Batsari da ta wuce, ina tsaye a tasha ina jiran mashin da zai kai ni Safana, da ƙullin dafaffen rogo a hannuna, sai wani ya ƙwala kira daga bayana: "Iro!" Mu huɗu muka waiwaya. Ni, da wani mai tura baro, da yaron mota, da wani dattijo mai sayar da igiya. Ashe ba ko ɗayanmu ake nema ba, mai shagon cajin waya ne can tsallaken titi. Sauran ukun suka yi dariya, kowa ya koma harkarshi. Ni kuwa na tsaya riƙe da rogona har ya huce.

In kai ɗan ƙasar nan ne, ka san Iro ba wani suna ba ne mai wuyar samu. Ibrahim ne aka gutsure don sauƙin kira. Kowace unguwa da nata. Za ka gan shi a bayan motar ɗaukar kaya, a allon tela, a jikin rumfar mai shayi. Amma ni, da na girma da sunan nan, a cikin gidanmu babu mai kirana da shi. Sunan kakana ne aka mayar mani. Mahaifina ba zai faɗi sunan ubanshi ba, sai ya ce Baba. Mahaifiyata ba za ta faɗi sunan surukinta ba, ita ma Baba. Kakan nawa shi kanshi takwara yake ce mani. Duk waɗannan ba su dame ni ba. Wadda ta tsaya mani a rai ita ce kakata, matarshi, wadda duk gidan muke ce wa Iya.

Ƙauyenmu yana ƙasar Ruma, daga bayan gonakinmu daji ya fara. A ɗakin Iya na tashi, don tun da aka yaye ni aka kai ni wurinta, ban kuma dawo ba. Har yau in na ji warin daddawa haɗe da hayaƙin kara, ɗakin nan nake gani, da randar ƙasa a bayan ƙofa, da faifan da take rufe mani sauran fura. Maigidana take ce mani, ko angona in tana son tsokana, ko ɗan nema in na ɓata mata rai. Sunayen da ta ba ni sun fi goma. Nawa na gaskiya ne kawai ba ya fita bakinta, saboda sunan mijinta ne. Ni kuwa a lokacin ba na ganin kunya a ciki, abin da nake gani shi ne mutumin da na fi so a duniya bai taɓa kirana ba.

Wahalar Iya ba a kaina ta tsaya ba, domin masu sunan nan uku ne suke da sana'a a garin. Akwai mai injin niƙa, akwai mai faci a bakin hanya, akwai mahauci. Kowa ya san su da Iro mai niƙa, Iro mai faci, Iro na nama. Ita kuwa sai ta yi masu nata tsarin: mai suna na gabas, mai suna na bakin hanya, mai suna na ƙarƙashin tsamiya. Duk matan gidan sun gane, ko akuyar gidan ina jin ta gane. Ni ma na gane sarai, taurin kai ne kawai Allah ya zuba mani.

Wata rana da rani ta auna dawa a ƙwarya ta ce in kai wa mai suna na gabas. Na tsaya na ce wane ne haka. Ta ce, "Mai injin nan mana." Na ce ai mai faci ma yana da abin busa iska, ta faɗi sunan kawai in huta. Ta dube ni, ta ci gaba da tankaɗe. To, sai na ɗauki dawar nan na wuce da ita bakin hanya, na ajiye gaban mai faci, na ce Iya ta ce a niƙa. Mutanen rumfar suka yi dariya har wani ya ƙware. Na zauna a kan tsohuwar taya, wai ina jiran ta biyo ni ta ce ba wannan Iron ba, wancan. Rana ta take, ta karkata, kaji suka fara zagaya ƙwaryar. A ƙarshe mahaifiyata ce ta aiko a kamo ni, na kuwa sha tsumagiya. Ranar gidan kaf kwaɗon rogo aka ci maimakon tuwo. Iya ce ta shafa mani man shanu a baya, tana ta dariya ƙasa-ƙasa, tana cewa, "Angon nan nawa zai kashe ni da yunwa."

Da aka sa ni makaranta sai na ga kamar Allah ya kawo mani hanya. Malaminmu, wani siririn mutum da aka turo daga Katsina, shi yake ƙirƙirar labaran da muke karantawa, kuma yaron cikin labaranshi kullum Iro ne. Wannan Iro na allo ba ya hutawa: yau ya je gona, gobe jakinshi ya ɓace, jibi ya ci mangwaro ɗanye cikinshi ya murɗa. 'Yan aji su yi ta nuna ni suna dariya, ni ko a jikina. Na kwafe layi guda a littafina na kawo gida, na ce wa Iya malam ya ce kowa ya koya wa kakarshi karatu. Ƙarya nake, Allah ya yafe mani. Na ɗora yatsa na ce ta maimaita: Iro ya je gona. Ta gyara zama kamar da gaske, ta leƙa takardar da ba ta san ko harafi ɗaya a ciki ba, ta ce, "Wancan ya je gona." Na ce ba haka ba ne. Ta ce, "To bawan Allah ya je gona. Allah ya ba shi sa'ar damina." Na yi jifa da littafin.

Lokacin da na tambaye ta kai tsaye, ana cikin cirar gyaɗa ne. Muna zaune a gindin rumbu da hantsi, mu biyu, muna tsinka, ƙasa duk ta cika mana farce. Ban shirya ba, maganar ce ta fito da kuka a cikinta. Na ce mata ko sunana ne ba ta so. Ta ajiye gyaɗar da ke hannunta.

"Kai yaro, mi ka sani?" in ji ta. "Sunan nan na faɗe shi har na gaji, tun ba a san za a haifi ubanka ba."

A ranar na ji abin da ban taɓa sani ba. Ashe ita da kakana 'ya'yan wa da ƙane ne, gida ɗaya suka tashi. Shi ke kora awaki bakin daji, ita ke bin shi da ƙwaryar fura, ga shi da dogayen ƙafafu, ga ta 'yar mitsitsiya. Ta ce kullum yana gaba tana baya, tana ƙwala mashi kira ya jira ta, shi kuwa ko waiwaye. Har sai da muryarta ta dushe wata shekara. Ranar da aka ɗaura masu aure ta rufe baki da sunan, ba wanda ya sa ta, haka ta ga iyayenta sun yi. Na ce to yanzu ba ta marmarin faɗa? Ta watsa mani ɓawon gyaɗa ta ce in yi aikin gabana. Amma na ga ta juya fuska wajen daji.

Kakana ya rasu ina aji shida, cikin marka, gero ya fara fitar da kai. Ba zan ɓoye maka ba, a cikin kukan da na yi akwai wani tunani na yarinta: tunda mai sunan ya tafi, sunan ya zama nawa ni kaɗai, yanzu za ta faɗa. Ta gama takaba, na jira. Shekara ta zagayo, na jira. Shiru. Sai ma ta ƙara tsanani, ko baƙo ya ambaci sunan a tsakar gida sai ta sunkuyar da kai. Na tafi sakandare, na tafi kwalejin horon malamai, aka ba ni koyarwa a Safana, na yi gemu, na yi aure. Na daina tambaya, amma ban daina so ba.

Sauran ka san shi, ba sai na tsawaita ba. Mutanen daji, 'yan bindigar nan, suka hana noma, suka kwashe shanu, suka dawo suka kwashe awaki. Bayan zuwansu na uku mahaifina ya ce ya isa. Aka ɗora Iya a mashin, ƙanena yana tuƙi, mahaifiyata ta riƙe ta ta baya, randar nan da faifan duk aka bar su. Suka kama ɗakuna biyu a Batsari. To ka ji ikon Allah: shagon cajin wayar da na faɗa maka da farko, a lokacin ƙofarshi na kallon ƙofar gidan da suka kama, sunan nan a rubuce da jan fenti, ɓaro-ɓaro. Daga safe har magariba samari ne ke kira, Iro ba ni wayata, Iro cire mani batir. Sunan da ta yi shekara fiye da sittin tana tattalinshi a cikin bakinta, ga shi ana watsa shi a titi. Mahaifiyata ta ce da farko duk kira sai Iya ta ja mayafi ta rufe fuska. Daga baya ta daina rufewa, sai ta riƙa ɗaga kai tana sauraro.

A gidan nan hankalinta ya fara tafiya. Ta manta an bar ƙauye, tana tambaya wa ya ɗaure awaki. Ta manta mahaifina, ɗan cikinta, tana gaishe shi kamar baƙo. Ni ina zuwa duk ƙarshen mako, in kawo mata rogo in ɓare mata, wani lokaci ta ce angona, wani lokaci ta dube ni kawai. Na riga na haƙura. Na ce wa kaina wadda ta manta ɗanta ba za ta tuna sunan jika ba.

Wata Litinin da safe na shirya komawa Safana, ina sauri don ina da aji. Tana zaune a tabarma tana shan hantsi. Na durƙusa na yi mata sallama. Na miƙe, na ɗauki jakata, na kai bakin zaure ke nan sai na ji daga bayana:

"Iro!"

Ba muryar tsohuwa ba ce. Siririya ce, mai ƙarfi, da ɗan fushi a ciki. Mahaifiyata tana wanke-wanke, kwano ya suɓuce mata, ta toshe baki da hannu. Na juyo. Iya ta dafa ƙasa tana ƙoƙarin tashi, idonta a kaina.

"Iro, ka jira ni mana! Kullum sai ka wuce ka bar ni."

Na san ba ni take gani ba. Wani dogon yaro take gani yana kora awaki, ita kuma tana baya da ƙwarya. Shekara talatin da wani abu ina jiran kiran nan, da ya zo kuma ba nawa ba ne. Duk da haka na ajiye jaka na ce, "Na'am, ga ni, ina jira." Na koma na zauna kusa da ita, ta kama hannun rigata ta riƙe gam, ta ce yau dai ka tsaya. Ban je Safana ba ranar. Hawaye na yi ta yi a gabanta, ita kuwa tana ta ba ni labarin wata akuya mai jan wuya. Kafin girbin shekarar ta rasu, Allah ya jiƙanta.

Yanzu zamani ya sake. Matar ƙanena sunanshi take kira gatsau a gaban kowa, a wayarta ma haka ta rubuta, ba wanda ya ce mata don me. Ba zan ce ta yi laifi ba, ni da na sha duka saboda neman irin wannan. Ƙauyenmu kuwa an ce ciyawa ta cinye gindin rumbun, mai niƙa ya koma Katsina, mai faci ya rasu, ban san inda mahauci ya nufa ba. Sunan dai yana nan ko'ina, ya ma fi da yawa. A ajina na bana yara biyu ne ke amsa shi, in zan kira su sai na ji na ɗan sassauta murya, su ba su san dalili ba.

Shi ya sa na tsaya a tashar nan har rogona ya huce. Sauran ukun sun waiwaya ne su ga ko su ake nema. Ni na san ba ni ake nema ba. Amma tun daga ranar Litinin ɗin nan, duk inda aka kira sunan daga bayana, ba na iya wucewa, sai na tsaya na jira.