Malam Filibus, Na Sa Mama Kuka Sau Biyu

Malam Filibus, ranar Talata sha ɗaya ga watan Maris na 2025 Mai abu ya karɓi abinsa. Ka cika da hantsi a asibiti nan Kontagora, bayan ciwon da ka yi ta ɓoye mana. Ni ne James mai cajin waya na bakin tasha, wanda ka laƙa wa Injiniya. Rubutuna ka san shi, kamar tonon kaza. Yau ba ka nan balle ka gyara, sai a karanta haka nan.

Kai ka kafa Ƙungiyar Adana Kayan Kakanni bayan ka bar koyarwa. Ƙungiya dai suna ne. Ɗaki ɗaya ne a bayan gidanka, da tsofaffin fartanyu, da tukwane, da gangar da gara ta fara ci, sai kwalin hotunan mutane. Ka ce gara ba ta cin abin da ke cikin waya. Ka je wani horo Minna kan ɗaukar hoto da waya, ka dawo kana tara mu duk Asabar a gindin mangwaro. A sa kaya a inuwa, a riƙe hannu kar ya yi rawa, a ajiye kwafi wuri biyu. Ni na ce wace wayar ce ban buɗe cikinta ba a garin nan? Ka ce, “To Injiniya, ɗauki tukunyar nan.” Na ɗauka, aka duba, rabin hoton babban yatsana ne. Zainab sakatariyarmu saura kaɗan ta faɗo daga benci. Na ce ai yatsan ma kayan tarihi ne.

Dokarka ita ce kowane hoto sai an rubuta waye a ciki, kuma a ina. Kana cewa hoton da ba suna maraya ne. Ni kuwa duk ranar rubutu sai ciwon ciki ya kama ni. Ka gane, amma ba ka tona ni ba. Wata Asabar kawai ka ce an canza tsari, kowa ya danna ya faɗi bayani da baki, murya ta zauna kusa da hoto, saboda tsofaffi. Saboda tsofaffi ka ce. Na san tsohon da kake nufi, ko furfura ba shi da ita.

A babur ɗina muka yi ta zuwa Ibeto da Nasko. Mutane ba sa son ba da hoton iyayensu, sai ka cire hula ka zauna a ƙasa ka ce, “Abin da kuka ba mu ba zai fita ba sai da yardarku.” A kan wannan maganar suka buɗe mana akwatuna. Ba don wayata ba ne, duk da na sha faɗa a tasha cewa don ita ne.

Yanzu ga abin da ya hana ni ɗaga kai.

Da ka cika, dangi suka ce ƙaninka Andrew ya tafi Nasko da wani dattijo su gaya wa mahaifiyarku Mama Fure baki da baki, yadda ake yi wa tsoho. Ni ban jira ba. So nake a ce Injiniya ne ya fara sanarwa. Na shiga hotunan ƙungiya na ga wani tsohon hoto da ka ɗauko daga akwatin Mama, samari biyu cikin kaya iri ɗaya. Ga muryar bayani nan kusa da shi. Ban danna ba. Ni za a gaya wa fuskar Malam? Na yanko ɗaya, na rubuta “Mun yi rashi,” ko suna ban sa ba, na tura wa jama'a.

Waya ta fi babur gudu. Kafin su kai rabin hanya wata maƙwabciya ta nuna wa Mama. Uwa ta san ɗanta, hoton Andrew na yanko. Ta faɗi tana kukan Andrew, mata suka cika gida. Ana cikin haka sai ga Andrew ya shigo da ƙafarsa. Zainab tana garin, ita ta ba ni labari. Mama ta riƙe shi tana shafa fuskarsa, tana dariya tana gode wa Allah. Sannan ta ce, “A kira Filibus a gaya masa ƙarya ne, kar hankalinsa ya tashi.”

Malam, a nan Andrew ya gaya mata.

Bayan jana'iza mutane suka fara aikowa a mayar musu da hotunansu. Andrew ya ce a rufe ɗakin ƙungiya, tunda alƙawarin ya bi mai shi. Ya tare ni ya ce, “Injiniya, ka kashe ni ka tashe ni, duk a kan tsohuwa.” Aikin da ka ƙare ƙarfinka a kai, da yatsa ɗaya na kusa rushe shi. Wannan yatsan dai.

Na hau babur na tafi Nasko. Na durƙusa a ƙofar ɗakin Mama, Andrew na tsaye.

Ta ce, “Kai ne mai wayar?”

Na ce, “Ni ne, Mama.”

“An ce akwai maganarsa a ciki.”

Na danna abin da ya kamata in danna tun farko. Sai ga muryarka: “Wannan Kirsimeti ne a Nasko. Na dama ni ne Filibus, na hagu Andrew ƙanina. Mama ta sayar da akuyarta ta ɗinka mana kayan.”

Can ta ce, “Tunkiya ce. Yaron nan kullum sai ya ce akuya.” Ta goge ido da bakin zane. “Danna abin in gyara masa.”

Na danna, na riƙe hannu kamar yadda ka koya mana, na kama bakina. Ta faɗi tunkiya, ta faɗi telan, ta faɗi wanda ya ɗauki hoton. Da ta gama ta dubi Andrew ta ce, “Kar a rufe ɗakin nan na Filibus. In an rufe, ina zan je in ji shi? Wannan mai bakin ya riƙa kawo min shi.” Ba ta ce ta yafe ba, ni ma ban tambaya ba.

Jama'a, duk mai hoton nan a wayarsa ya goge don Allah, Andrew yana nan da ransa. Waɗanda suka karɓe hotunansu ba su yi laifi ba, ni zan bi su gida gida, in cire hula in zauna a ƙasa.

Ubangiji ya karɓe ka, Malam, ya rufa maka asiri yadda ka rufa min. Ya ba Andrew da iyalinka da 'yan ƙungiya haƙuri. Mama Fure kuwa, Allah ya sanyaya mata zuciya ninki biyu, don sau biyu ta yi kuka, kuma ɗaya ni na ja mata. Asabar zan kai mata muryarka.