Jan Layi a Hanyar Manduri

Shekara huɗu na yi ina kai saƙo a kan babur, biyu a Sokode, biyu a Dapaong. A ofishinmu na Sokode akwai taswirar gari manne a bango, an zagaye ta da jan layi. Cikin layin kowane ƙunshi sefa ɗari biyar ne, wajensa jika ɗaya. Da farko abin ya yi mini daidai, don Didaure, unguwarmu, tana cikin layin, na san ƙofar kowane mahauci da kowace mai atamfa. Sai wata Litinin muka tarar an tura layin can gaba, ya haɗiye unguwannin bayan gari har da wani yanki na hanyar Ajangere. Kuɗin bai motsa ba. Mai kuwa daga aljihunmu yake fita, haka taya, haka gyara. Da na ga wahalar ta fi samun, sai na nemi a mayar da ni reshen Dapaong, inda aka ce ba a faɗaɗa ba.

Can kuma matsewa aka yi. Saboda rashin tsaro a wajen iyaka, kamfani ya janyo layin har bakin gari, ya hana mu ƙetare shi. Mu tara muna zaune gindin mangwaro muna jiran saƙonnin da mutum uku za su gama kafin azahar.

A nan ne wani malamin makaranta ya kira ni daga Lome. Duk wata yana aiko wa mahaifiyarsa allurar ciwon suga ta ofishinmu, ita kuma tana wani ƙauye a hanyar Manduri, nesa da layin.

"Ɗan'uwa, ka taimaka," in ji shi. "Zan ba ka jika biyar, tsakanina da kai."

Na karɓa. Na naɗe kwalin da jiƙaƙƙen tsumma don kada zafi ya ɓata maganin, na kama hanya. Sau uku sojoji suka tsayar da ni suka kwance kayan. Na tarar da tsohuwar a kan tabarma, ƙafarta ta hagu a kumbure. Ta ba ni ruwa a ƙwarya da ƙwan zabi huɗu.

"Ɗana, kai ne za ka riƙa zuwa?"

Na ce, "In Allah ya yarda, Inna."

Sau uku na je. Mai yana cin rabin kuɗin, ramukan hanya suna cin saura, ga yini guda ya tafi. A zuwa na uku tayar baya ta fashe, na tura babur har ƙafafuna suka yi bororo. Washegari shef, wato shugaban reshen, ya juyo mini da kwamfutarsa. Wayar aiki ta nuna duk inda na bi.

"Kwana biyar ba ka aiki," ya ce. "Ka sake, ka ajiye rigar kamfani. In wani abu ya same ka a can, ba mu san ka ba."

Wata na huɗu kwalin ya iso, malamin ya kira. Na ce masa ba zan iya ba. Ya ƙara jika biyu, na ce ba zancen kuɗi ba ne, alhali har da shi. Matata tana da ciki a lokacin. Malamin ya ce ya gode da na baya.

Kwalin ya zauna a firjin ofis, kusa da ruwan shef. Kullum sai na gan shi in na buɗe. Ranar ta goma sha ɗaya wata maƙwabciyar tsohuwar ta biyo motar kasuwa ta zo karɓa. Na tambaye ta jikin Inna, ta ce ƙafar ta fara wari, ba ta gane mutane sosai.

Wani kwali bai sake zuwa ba. Lambar malamin tana wayata har yau, ban taɓa kira ba. Da damina ta wuce na sayar da babur ɗin na koma Sokode, yayana ya ba ni wuri a teburinsa na nama.