Muryar Baba da na goge saboda hoton wando

Shekarun baya, tun kafin korona ta rufe mana hanyar Guangzhou, na sauka a wani ƙaramin otal a titin Liuhua Lu lokacin baje kolin kaka. Ɗakuna sun yi wuya, sai wani abokina ya haɗa ni ɗaki da wani dattijo Bahaushen Ghana, haifaffen zango, unguwar Hausawa a can, mai sarin tayil. Kowa Baba yake ce masa. Ya haura saba'in, amma a kasuwar Pazhou, inda ake baje kolin, ni nake cewa mu zauna mu huta.

Baba akwai hira, kuma duk inda ta faro, a zamanin Turawa take ƙarewa. Ni kuwa lokacin, in ba kwantena aka ambata ba kunnena ba ya buɗewa.

Wata Juma'a bayan mun ci abinci ya kalli wayata ya ce, "Ɗan Kano, abin nan naka yana kama murya?" Tasa wayar irin mai madannan nan ce. Na ce sosai ma. Ya ce, "To kama mini. Likita ya ce zuciyana ya gaji. 'Yata malamar makaranta ce, ta daɗe tana roƙo in faɗa mata labarin babana, ni kuma in na ga fuskarta bakina ba ya iya."

Na danna, na ajiye wayar a gabansa.

Ya ce mahaifinsa soja ne, Turawan Ingila suka kai su yaƙi ƙasar Bama da alkawarin aiki da fansho. Suka dawo, shiru. Kaya a kantunan Turawa suka yi tsadar da talaka ba ya iya yi wa 'ya'yansa ɗinkin salla. Sai mutane suka haɗa baki aka daina sayen kayan Bature. Mahaifiyarsa mai sayar da atamfa ce, ta rufe rumfarta, gidansu suka yi makonni suna shan koko ba sukari. Ranar da tsofaffin sojoji suka yi jerin gwano aka buɗe musu wuta, mahaifinsa ya shigo gida da jinin wani a rigarsa. Baba yana ɗan ƙarami, shi ya miƙa masa ruwan wanke hannu.

Ya zaro takardar kuɗin Ghana ya nuna mini hotunan jagororin da ke jiki. "Waɗannan mun san su, Allah ya saka musu. Amma waɗanda suka ɗauke su a kafaɗa fa?" Sai ya shiga jero sunayen mutanen zangonsu ɗaya bayan ɗaya: wane tela, wane mahauci, wance mai tuwo da ta ɓoye mutum a ɗakin girkinta. Ya fi awa ɗaya. Ni ina gefe ina gyaɗa kai, ina lissafin yadi a zuciyata.

Ya ba ni lambar 'yarsa. A China WhatsApp ba ya tafiya sai da dabara, muryar kuma ta yi nauyi, na gwada turawa sau biyu ta ƙi. Na ce, "Baba, ina sauka Kano zan tura." Ya ce, "Na gode, ɗana." Washegari ya tashi zuwa Accra.

Bayan kwana biyu ina Xintang, garin wandon jins. Mai wani kamfani ya baje mini sababbin samfura, abokan cinikina a Kano suna jiran hoto, sai wayata ta ce ta cika. Na tambaye shi ko yana da hotunan ya turo mini, ya ce "meyo", wato babu. Na duba abin da ya fi cin wuri, na ga muryar Baba. Ba kuskure na yi ba, na san ko mene ne. Na ce a raina ai zai zo baje kolin bazara, in sa ya maimaita, mutumin da ba ya gajiya da labarin nan. Na goge.

Bai zo ba. Ana saura mako biyu in koma Guangzhou wata mata ta kira ni da lambar Ghana, ashe 'yarsa ce. "Alhaji, Baba ya rasu. Ya ce saƙona yana wajenka."

Na ce mata wayar ce ta lalace. Kwana uku abin yana cina, sannan na kira na faɗa mata gaskiya. Ta ce, "Ba komai, Alhaji. Ga biro a hannuna, faɗa mini abin da ka tuna."

Na ba ta Bama, da atamfa, da rigar jini. Ta ce waɗannan ta ɗan sani, sunayen take so. Na yi iya ƙoƙarina. Tela, mahauci, mai tuwo. Suna ko ɗaya bai zo ba.

Har yau abin yana yi mini ciwo, kuma kunyar ba ta ragu ba. A da ina zagin masu rubuta tarihi, wai manya kaɗai suke tunawa. Yanzu na daina, don ni aka damƙa wa ƙananan a hannu. Tun daga lokacin, in tsoho ya fara magana kife wayata nake yi in saurara.

Wandunan kuwa, da na tura hotunan Kano aka ce launin bai yi ba. Ko ɗaya ban saya ba.