Kat-kat ɗin Abdou

Abdou mutumin Tawa ne. Kafin ya zo Amurka a 2003, ya shafe shekaru yana tuƙa mota mai jan ƙafa huɗu tsakanin Agadas da Arlit, irin wadda mutanen Nijar ke kira kat-kat. A tasi na san shi. Ina aiki a sashen Hausa na wani gidan rediyo a Washington, na shiga motarsa ina waya, ya bari sai da na gama sannan ya ce, "Malam, ku Kanawa ko gaisuwa kuke sai ta koma ciniki?" Daga nan muka ƙulla.

Direba ne na gaske, wannan ba na musu. Babbar shaidarsa matarsa ce, Rakia, mai kula da marasa lafiya a wani asibiti a Largo. Tsoron titunan ƙasar nan take yi, ta ƙi koyon tuƙi, kuma a motar kowa a ɗarare take zama. Amma da ta shiga ta Abdou, kafin a fita unguwa ta yi barci, kanta jingine da gilashi. Shi kuwa sai ya rage rediyo, ya nuna mana ita da haɓa yana murmushi. Ban taɓa ganin abin da yake alfahari da shi kamar wannan barcin ba.

Hunturu ne ya hana shi sakat. Ƙaramar motarsu ta gida da ta ji dusar ƙanƙara sai ta kama juya taya a hawan ƙofar gidansu, shi kuma yana jin kamar zaginsa take yi. A 2009 ya ce sai ya sayi kat-kat.

"Baban Hairat," in ji Rakia, da yake da sunan 'yarsu take kiransa, "tayoyin wannan ne suka cinye. A canza su mana."

"Ke mi kika sani ga mota?"

Ni ma na sa baki. Na ce dusar garin nan kwana nawa ce a shekara, ga shan mai, ga tsadar gyara. Ya dube ni da tausayi.

"Malam Ubale, mutumin da ya hid da mota daga rairayin Tenere, wanga garin ƙanƙara ne za ya tsai da shi?"

Ya sayo ta hannu. Tayoyinta ma ba su fi na tsohuwar motar kyau ba, amma ya ce tunda huɗu ke ja, ba matsala.

Abin haushin, sai Fabrairun 2010 ta ba shi gaskiya. Dusa ta binne gari, bas ta tsaya, motoci suka zama tuddai a bakin titi. Abdou ya sace wa tayoyinsa iska kamar yadda ake yi a rairayi, ya fito. Shi ya kai ni aiki, shi ya kwashi Rakia da abokan aikinta. Yana tuƙi yana karanta mana darasi: "In ka ji ƙasa ta yi laushi, kar ka ɗaga ƙafa daga totur." Muka yi ta sa masa albarka, kansa ya ƙara girma.

Abin da bai lura da shi ba shi ne, a hamada ba a koyon tsayawa. Ka saki totur, rairayi ya riƙe maka mota. Duk iyawar Abdou ta tafiya ce.

Wata safiya a Janairun 2014 ba dusa aka yi ba, yayyafi ne ya sauka ya daskare. Titi sai ka ce jiƙa kawai ya yi. Da tsohuwar motar ce, da tun a ƙofar gida ta zame ta gaya masa halin da ake ciki. Kat-kat kuwa da ya fito zai kai Rakia aiki ta tashi sumul, shi ya sa ya saki jiki. A gangaren da ke kusa da asibitin fitila ta ba da ja, ya taka birki, motar ta ci gaba da tafiyarta. Ta juya a hankali, ta daki turken fitila ta ɓangaren Rakia. Barci take yi.

Kwankwasonta ya karye. A asibitin na same shi tsaye a jikin bango, ko ƙwarzane babu a jikinsa.

"Malam, huɗu ke ja," ya ce da ni. "Amma wurin tsayawa duk mota ɗaya ce. Wallahi ban sani ba."

Na zo da faɗa cike da bakina, na haɗiye shi. Har yau ina jin haushin taurin kansa, ina kuma jin tausayinsa fiye da haushin.

Rakia ta warke, sai dai da sanda, aikin ɗaga marasa lafiya kuma ya ƙare. Ba ta taɓa ce masa "na gaya maka" ba. Yanzu ƙaramar mota yake ja, da kaka ta shigo ya sa mata tayoyin hunturu, in kuma ƙanƙara ta kwanta ya ajiye makulli. Baƙin da suka zo suna tambayarsa ko su sayi mai jan ƙafa huɗu, sai ya ce su fara duba tayoyinsu.

A bazarar 2017 suka ɗauke ni zuwa wani suna a Manassas. Hanya busasshiya, rana tarwai, Abdou na tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai. Da muka hau babban titi ya kai hannu ya rage rediyo, sannan ya waiwaya gefensa. Rakia na zaune a miƙe, hannunta riƙe da ƙofa, idonta a kan hanya.

"Ki ɗan kwanta mana, Rakia. Da sauran nisa."

"Ba na jin barci, Baban Hairat."

Ya bar rediyon a rage har muka isa.